Jini a Bakin Ƙofar Sito

Shekarun da na yi ina riƙe da makullan wani siton taki na gwamnati, a kan hanyar da ta tashi daga Ikara ta nufi Makarfi, su ne shekarun da na fi shaƙuwa da yayana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ya ba ni shekaru da yawa. Ni na yi boko na zama ma'aikaci, shi ya zauna a gida Saulawa tare da Innarmu, yana noman masara da barkono, da rani kuma ya shiga farauta. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Ban da noman, shi ne kuma shugaban masu gadin siton, su takwas. Yana da wata gora mai zoben ƙarfe a kai da ya gada wurin babanmu, ba ya rabuwa da ita. Da azahar mukan zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke cikin harabar mu sha fura a ƙwarya ɗaya.

Tun kafin a kawo ni wurin gwamnati ta daina ɗaukar masu gadi da kanta. Kwangila take ba kamfani, kamfani ya ɗebi mutane, ya ɗinka musu kaki, ya rarraba su. Mai kwangilar yankinmu wani Alhaji ne na cikin garin Ikara, dattijo mai fara'a. Sitonmu da wasu ƙananan asibitoci da makarantu a Ikara da Makarfi da Kudan, duk mutanensa ne a bakin ƙofa. Kowa ya san ba gwanintar gadi ce ta ba shi aikin ba, hidima ya yi wa waɗanda ke kan kujera a lokacin. Ba wanda ya damu, tunda abinci na shiga gidaje.

Da aka samu canjin manya a sama, sai muka fara jin ƙishin-ƙishin cewa za a sake ba da kwangilar. Ana gab da faɗuwar damina, an cika mana sito da taki har rufi, sai ga Alhajin Ikara ya zo da kansa. Ban taɓa ganin fuskarsa a ɗaure haka ba. Ya tara masu gadi a gindin darbejiya, ni ina tsaye a ƙofar ofishina ina ji.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji shi. "An buɗe akwatin neman kwangila a Kaduna ba a gayyace ni ba. Kamfanin da aka ce ya ci, ko ofis ba shi da shi. Na wani yaro ne ɗan Makarfi, surukin wani babba. Na kai ƙara kotu. Duk wanda ya bar ƙofarsa ya bar aikinsa, don waɗancan da mutanensu za su zo, ba za su ɗauki ko ɗaya daga cikinku ba."

Yaya ya ce, "Alhaji, in suka zo da takarda fa?"

"Mu ma da tamu."

Gaskiya ya faɗa. A cikin mako guda takardu biyu suka iso teburina, kowace da hatimi. Ɗaya ta ce in shaida miƙa gadi ga sabon kamfani ranar Litinin. Ɗayar ta ce kowa ya tsaya inda yake har a gama bincike. Na buga wa shugabana waya, ya ce, "Malam, kai makulli ne naka. Ka riƙe makullanka, ba ruwanka da rigimar 'yan kwangila." Ya kashe wayar.

Ba a jira Litinin ba aka fara zub da jini. A wani ƙaramin asibiti can wajen Gazara, sababbin mutanen suka tarar da wani tsohon mai gadi shi kaɗai. Ya ce ba zai tashi ba sai ya ji daga bakin wanda ya ajiye shi. Suka ja shi ƙasa har bakin titi, wani ya sa masa takalmi a baki. An kawo shi sitonmu a kan babur don a nuna wa Yaya. Leɓensa na sama ya tsage biyu, haƙoransa na gaba uku suna ƙulle a gefen rawaninsa, yana ta kunce su yana nuna mana kamar za mu iya mayar masa. Kwana biyu bayan haka yaran Alhaji suka kama direban sabon kamfanin a tashar Ikara, suka ɗaure shi a jikin turken wuta, suka yi ta zabga masa wayar kebur har rigarsa ta manne da bayansa. Da rana tsaka aka yi, mutane na kallo.

Ranar Juma'ar wannan makon ƙanen matata ya zo gidanmu na Saulawa, inda muke zaune tare da Yaya da Inna. Shi ne autansu, daga wani ƙauye na Kudan. Aikinsa matse rake a dafa mazarƙwaila, aikin da ba ya wuce 'yan watanni a shekara, sauran lokacin sai zaman jira. Ya kai shekara ashirin da biyar, mai son raha ne, ba ya shigowa gidan bai sa yayarsa dariya ba. Ya shigo da leda a hannu, ya zaro baƙar riga da wando da hular kwano ta roba, ya ce ya samu aikin wata. Matata ta yi guɗa. Ni kuwa da na ga tambarin da ke aljihun rigar sai na gane na sabon kamfanin ne.

Na ce, "Ina aka tura ka?"

Ya yi dariya. "Wurinka mana, Malam. Ni na roƙa. Na ce ina da suruki a can."

Na ja shi zaure na gaya masa duk abin da na sani: tsohon da aka fasa wa baki, direban da aka ɗaure, da cewa Yaya ba zai matsa daga ƙofar ba. Na ce ya yi ƙaryar zazzaɓi ranar Litinin. Ya ce an gaya musu duk wanda bai zo ranar farko ba an maye gurbinsa, kuma ai da 'yan sanda za a zo, takarda kawai za a miƙa. "In na ga an fara hayaniya zan koma baya," in ji shi. Na ƙyale shi a haka. Da yamma na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ka ce masa ya tsaya nesa da ƙofa." Matata ban gaya mata komai ba, don ban so in ɓata mata murna. Na yi tunanin in je ofishin 'yan sanda da kaina in faɗi abin da nake hange, sai na tuna an ce ba ruwana.

Litinin ta zo da yayyafi tun asuba, ƙasa ta yi laushi. Kafin hantsi manoma sun yi layi a bakin katanga, daga Janfalan da Saulawa da ƙauyukan kewaye, kowa na jiran taki. Siton yana da babbar ƙofar ƙarfe, a jikinta kuma akwai 'yar ƙarama da mutum ɗaya ke wucewa. Ofishina na nan daga ciki, taku kaɗan daga ƙofar. Da na iso na tarar da baƙin fuska a harabar, wajen mutum ashirin, ba kaki a jikinsu, idanu jajaye, wasu da adda a cikin buhu. Alhaji ne ya aiko su da sassafe. Na kalli Yaya, ya kawar da kai.

Motoci biyu ne suka zo, a-kori-kura. Ta gaba ta ɗauko masu baƙar riga, sababbi fil, suna zaune a jere kamar 'yan makaranta. Na hango ƙanen matata a cikinsu. Ta baya kuwa irin mutanen da ke cikin harabarmu ne ta ɗauko, da barandami da sanduna a fili. Babu ɗan sanda ko ɗaya. Wani mai farar shadda da tabarau, manajan sabon kamfanin, ya sauko da takarda a hannu. Yaya ya fita ta ƙaramar ƙofa ya tsaya a bakinta, ni ina bayansa.

"Kai ne babba a nan?" in ji manajan.

"Ni ne."

"Ga takardar gwamnati. Ku kwashe kayanku."

"Ranka ya daɗe, mu ma akwai takarda a wurinmu. Ka je ku daidaita da Alhaji. Ya ce mu tashi, ko minti ɗaya ba za mu ƙara ba."

Manajan ya juyo gare ni. "Malam, kai ne ma'aikacin gwamnati. Ka faɗa masa."

Na ce takardu biyu ne a hannuna, ban san wacce zan bi ba. Bai bari na rufe baki ba, ya ɗaga takardar ya manna ta a fuskar Yaya, ya tura. Yaya bai motsa ba. Amma wani daga cikin yaran Alhaji da ya hau kan katanga ya saki rabin bulo. A kafaɗar manajan ya sauka, na ji ƙarar ƙashi, ya durƙusa yana ihu.

Abin da ya biyo baya bai fi tsawon sallar raka'a huɗu ba, amma ni har yau bai ƙare ba. Mutanen motar baya suka diro gaba ɗaya. Na cikin harabarmu suka ture ni gefe, suka zare sakatar babbar ƙofa suka yi waje. Layin manoma ya tarwatse, aka tattake wani tsoho a cikin kwata, buhunsa a hannu. Na ga an sari wani mai gadinmu a wuya da barandami, ya dafe wurin yana tafiya da baya har ya jingina da katanga ya zame. Na ga wani daga cikin baƙin an kayar da shi cikin taɓo, mutum uku suna dukansa da sanduna kamar masu sussukar dawa, yana kare kansa da hannu har hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Wani ya fasa tankin motar gaba ya ƙyasta ashana. Masu baƙar riga, da yawancinsu ko tsinke ba su riƙe ba, suka yi ta dirowa cikin hayaƙi, ana tarbarsu da duka don kawai rigar da ke jikinsu.

Mutum biyu suka cafke ni a ƙofar ofis. Ban san na wane ɓangare ba ne. "Makulli!" in ji ɗaya, ya kwaɗa mini gindin adda a kunne. Na faɗi, duniya ta yi shiru, sai wani zuuu. Suka laluba aljihuna ba su samu ba, don tun safe na jefa makullan cikin randar ruwa. Suka shure ni suka wuce.

Da na ɗago, Yaya na gani a tsakiyar ƙofa. An sare shi a goshi, fata ta zazzago, jini ya rufe masa ido biyu. Yana juya gora hagu da dama ba ya ganin kowa, yana ruri. Wani gajere mai jan ƙyalle a kai ya zagayo ta bayansa da adda. A daidai lokacin na ga ƙanen matata. Hularsa ta faɗi, ba komai a hannunsa. Maimakon ya koma baya kamar yadda ya ce, sai ya rugo, yana nuna mai addar, yana kiran, "Yaya! Yaya, bayanka!" Na buɗe baki in yi ihu. Gorar ta riga ni. Zoben ƙarfen ya same shi a gefen kai, saman kunne, da wata ƙara irin ta fasa kabewa. Ya yi taku ɗaya, gwiwoyinsa suka saki, ya kifa. Kafin Yaya ya sake ɗaga gorar, addar gajeren ta sauka a wuyan hannunsa na dama. Gora ta tashi sama. Hannun ya rage yana lilo da 'yar fata.

Wani ya yi ihun 'yan sanda, ko da yake ba su zo ba sai bayan kusan sa'a guda. Kafin ka ce kwabo 'yan hayar ɓangarorin biyu sun watse cikin gonaki. Aka bar masu kaki da masu baƙar riga a kwance cikin taɓo ɗaya, mota na ci da wuta.

Wani manomi ɗan Janfalan da ya zo ɗaukar taki da motarsa shi ya taimake mu. Muka ɗaure hannun Yaya da igiyar buhu, muka ɗora shi a baya, muka ɗora ƙanen matata, na zauna na aza kansa a cinyata. A asibitin farko da muka je suka duba suka ce mu wuce Zariya. Yana numfashi da ƙyar, jini na fita ta kunne da hanci, idonsa ɗaya a buɗe. Na yi ta kiran sunansa ina karanta masa kalmar shahada. Can a hanya Yaya ya goge fuskarsa da hannun hagu, ya ɗage fatar goshinsa, ya dubi wanda ke cinyata.

"Wane ne wannan?"

"Ƙanen matata ne."

"Wa ya buge shi?"

Na kawar da kai. Ya sake tambaya, na ci gaba da karanta shahada. Ya dubi raunin, ya ga shatar zobe. Sai ya juya fuskarsa ga ƙarfen mota ya fara buga goshinsa da ya tsage a jiki, har sai da manomin ya tsaya muka riƙe shi. Kafin mu shiga Zariya rai ya yi halinsa. Na ji lokacin da nauyin kan ya canja a cinyata.

Washegari aka yi jana'iza a ƙauyensu. Mai gadinmu da aka sara a wuya shi ma a ranar aka binne shi. Yaya na asibiti, an ƙarasa yanke hannun. Da 'yan sanda suka tambaye ni, na ce an buge ni na suma, ban ga wanda ya bugi kowa ba. Haka na faɗa wa surukina, dattijon da ya ba ni 'yarsa ba tare da ya wahalar da ni ba. Haka na faɗa wa matata tana kuka a ɗakin mahaifiyarta. Ƙarya uku a yini ɗaya, kuma duk da bakin da na karanta wa mamacin shahada.

Ban san wani daga cikin manoman ya ɗauki faɗan a waya daga kan bishiya ba. Kafin sadakar uku hoton ya zaga Kudan. Ana ganin gorar, ana ganina a durƙushe ina kallo.

Kwana huɗu bayan jana'iza ina gida Saulawa, kunnena a naɗe, maza duk sun tafi gona don an yi ruwa. Wajen sha ɗaya na rana na ji ƙugin babura. Sun kai goma, kowane da mutum biyu ko uku. Wanda ke gaba ɗan baffan matata ne, mutumin da ya yi mini rakiya ranar ɗaurin aurena. Na fito zaure na ce, "Sannunku da zuwa." Ya ce, "Munafuki. A gabanka aka kashe shi, ka zo ka ci tuwon makoki." Ya sa mini sanda a haƙarƙari. Na faɗi, suka rufe ni. Na ji ƙasusuwa biyu sun karye, na ji takalmi a bayan wuyana, bakina ya cika da ƙasa. Wasu suka wuce ciki suna neman Yaya. Da ba su same shi ba suka watsa fetur a ɗakinsa da rumbunsa. Matarsa ta fice da 'ya'ya ta katangar baya. Shanun nomansa biyu na ɗaure a turke, suka sassare musu agara. Kukan shanun nan ya fi ihun mutane tashi, shi ne ma ya kai gonaki.

Mutanen gari suka rugo da fartanya da gatari. Maharan suka hau babura, amma ɗan baffan matata babur ɗinsa ya ƙi tashi. Aka cim masa a ƙofar gidanmu. Fartanya ta fara sauka a bayansa, wani ya fasa masa kai da dutse, wani na ihun a kawo taya. Ina kwance ina gani, ba na iya ko ɗaga hannu, kuma ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin ban so a bar shi ba.

Inna ce ta fito. Tsohuwa ce da ba ta miƙewa sai da sanda, hayaƙi ya sa tana tari. Ta ratsa maza ta faɗa a kansa, ta rufe shi da jikinta da zanenta. Sanda ɗaya ta same ta a kafaɗa kafin a ankara.

"Ku kashe ni tare da shi," in ji ta. "Ɗana ya kashe musu ɗaya. Ba za a kashe na biyu a ƙofata ba."

A nan na san ta sani. Ba wanda ya gaya mata, fuskata ta karanta tun ranar da na dawo. Aka ja da baya. Mai unguwa ya sa aka kai ɗan baffan matata asibiti a motar da ta kai ni.

Da aka sallami Yaya, ko gida bai yarda ya fara zuwa ba. Ya ce a kai shi wurin mahaifin yaron. Mai unguwa da liman suka raka mu, ni ina tafiya a dafe da ƙirji. Mun sami dattijon a zaurensa, ya rame, carbi a hannu. Bayan gaisuwa da ta'aziyya Yaya ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa, dungulmin hannunsa a naɗe da bandeji.

"Baba, ni na kashe ɗanka."

"Na gani a waya," in ji dattijon. "Abu ɗaya nake so in ji. Ka san shi ne lokacin da ka ɗaga?"

"Wallahi ban gani ba, jini ya rufe mini ido. Amma na ɗaga ne don in bugi mutum, kuma na san gorar tana kisa. An ce mini ma ceto na ya zo yi. Ga ni, duk abin da ka ce a yi da ni."

Liman ya fara kawo ayoyin haƙuri, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ba zan sa a kashe ka ba, ba kuma zan karɓi komai a kan jininsa ba. Hukuma ta yi abin da ta ga dama. Amma ka tashi ka tafi, kada idona ya sake ganinka." Sannan ya juyo gare ni. "Shi a makance ya yi nasa. Kai fa? Da idonka biyu ka zauna a nan ka ce mini ba ka gani ba."

Muka tashi muka fita.

Daga can Yaya ya miƙa kansa ga 'yan sanda, na bi shi na canja maganata. Ya yi watanni a tsare kafin a sake shi, bayan dattijon ya aika cewa shi ba ya neman komai. Alhajin Ikara sau ɗaya ya turo lauya, bai taɓa leƙo shi ba. Shi da ɗan Makarfin ba wanda ya kwana a caji ofis. An soke kwangilar, an kafa kwamiti, ƙarar da ke kotu ta mutu a tsaye. Daga baya muka ji an raba musu: Alhaji ya riƙe Ikara, ɗayan ya ɗauki Makarfi da Kudan. Alhaji bai mayar da Yaya ba, ya ce gadi ba ya yiwuwa da hannu ɗaya.

Matata ta zauna gidansu har aka yi girbi. Na je biko sau uku ba ta fito ba. A na huɗu ta fito zaure, ta tsaya daga nesa.

"Malam, ka san za a yi faɗa ranar?"

"Na sani."

"Ka bar ni ina guɗa."

Ta ce za ta dawo saboda 'ya'ya, amma ba za ta sake kwana a gidan da Yaya yake ba. Na nemi canjin wurin aiki, na miƙa makullai, muka kama haya a cikin garin Makarfi. Shekara biyu ba ta taka Saulawa ba, ko sunan garin ba a ambata a gidanmu. Ni nakan je ranar Asabar in taya Yaya aiki. Ya koyi riƙe fartanya da hagu, yana tokare ƙotar da dungulmi, amma kunyar gonarsa ba ta miƙewa. Ya daina zuwa farauta, ya daina zama cikin mutane.

Bara Inna ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Da na faɗa a gida, da safe sai na ga matata ta ɗaura mayafi ta ɗauko kwanon kunu. Mun shiga ɗakin Inna muka tarar da Yaya shi kaɗai yana ƙoƙarin ɗaga ta ya gyara mata shimfiɗa, hannu ɗaya ya kasa, tsohuwa na zamewa. Ya ɗago ya ga wadda ke bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Matata ta ajiye kwanon, ta zagaya ta kama ɗaya kafaɗar. Suka ɗaga ta tare, na ja tabarmar. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai yi ƙarfin halin gaishe ta ba. Ta ba Inna kunu a baki, ta wanke mata zannuwa, muka yi la'asar muka kamo hanya.

Mun wuce gonakin rake, mun kusa shiga gari, sai na ji ta yi magana a bayana a kan babur. Iska ta kwashe, kunnen nan nawa kuma bai ƙara ji sosai ba. Na rage gudu na ce me ta ce.

"Na ce ya rame," in ji ta. "Matarsa ba ta ba shi abinci ne?"